Kakalaba da Dutsen Alaska

A wannan makon za mu koma shekarar 1913, lokacin da ƙasar Dutse take gunduma a ƙarƙashin masarautar Kano. A shekarar ne damina ta yi gardama, gero da dawa suka ƙone a gona tun ba su yi ido ba. Kafin daminar 1914 ta zagayo rumbuna sun zama wayam, yunwar da Kanawa suka laƙaba wa suna Kakalaba ta ci dubban mutane, wasu suka watse Kudu neman abin sa wa a baka.

Abin da mutanen wancan zamani ba su da hanyar sani shi ne, ranar 6 ga Yuni, 1912, wani dutse mai suna Novarupta ya yi aman wuta a Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka. A duk ƙarni na 20 babu dutsen da ya amayar da abin da ya kai nasa yawa.

To, ina ruwan manomin Kiyawa ko Birnin Kudu da dutsen Alaska? Babban aman wuta ba toka kaɗai yake fitarwa ba. Yana cilla iskar farar wuta sama can, nesa da inda gajimare yake haɗuwa. A can sai ta rikiɗe ta zama wani siririn hazo mai mayar da wani kaso na hasken rana. Hazon hunturu da muka sani ruwan farko yana wanke shi, amma wannan ya fi ƙarfin ruwan sama, yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu yana shawagi. An auna haka ƙarara bayan aman Pinatubo a ƙasar Filifin a Yunin 1991, wata biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa: zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri.

Mu kuwa daminarmu baƙuwa ce. Iska mai laima ce take tasowa daga Tekun Atlantika tana hawowa Arewa, tana bin ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan hazon ya taru a arewacin duniya ya sanyaya shi, sai hadarin ya noƙe, ya tsaya a Kudu. Mu da muke kusa da inda tafiyarsa take ƙarewa, mu ne farkon waɗanda za su ji a jika.

A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a Ingila suka duba lissafin ruwan yankin Sahel daga 1900 zuwa 2010. Suka tarar uku daga cikin daminu huɗu mafiya fari sun biyo bayan babban aman wuta ne a arewacin duniya: ta 1913 bayan Novarupta, sai ta 1983 da 1984 bayan dutsen El Chichón na ƙasar Meziko, wanda ya fashe a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1982.

Sai dai mu yi hattara, domin marubuci yana son sanadi guda ɗaya mai daɗin faɗa. Farin 1972 da 1973, wanda ya karkashe shanu a faɗin Arewa, bai biyo bayan wani babban aman wuta irin waɗannan ba. Ɗumin ruwan teku yana da nasa hannu, haka ma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka.

Kuma a ganinmu, ko da dutse ya hana ruwa, ba shi kaɗai ya kwashe rumbu ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, Turawa kuma suna neman haraji da tsabar kuɗi. Manomin da ya sayar da hatsinsa da kaka don ya biya haraji, da me zai tari fari? Haka a 1984: fari daga sama ya zo, amma da gwamnatin soja ta rufe iyakokin Nijeriya a watan Afrilu, hatsi ya daina ƙetarawa yadda aka saba. Shi ya sa mutanen Maraɗi da kewaye ba su sa wa yunwar sunan wani dutse ba, El-Buhari suke ce mata.