Tsingaron da ke gonarka yana da labari

 Yau hirarmu ta tarihi ce, amma ba labarin yaƙi za mu ba ku ba. Maganar tukunya za mu yi, da tagulla, da dutse.

Ku mutanen Sae Sabuwa, da na Gidan Runji, da Agye, da Gazawa, kun san wannan abu sarai. Mutum yana noma kusa da wani kufai, sai ya ji hauya ta daki wani abu. In ya duƙa, sai ya ga tsingaro mai zane. Wata rana bakin tulu ne, ko rabin dutsen niƙa, ko kashin tama a inda maƙeran dā suka yi aiki. Wani kuma ya tsinci ɗan dutse mai santsi da kaifi, wanda muke ce wa gatarin aradu. Yawancinmu mukan wurgar da shi bakin gona, mu ci gaba da aiki. To, yau muna so ku san abin da kuke wurgarwa.

Don me tukunya?

Ku duba kayan ɗakinku. Zane yana ruɓewa. Ƙwarya da turmi, gara tana cinye su. Ɗakin kara, gobara ɗaya ta ishe shi. Munduwar tagulla kuwa, in ta tsufa sai a kai wa maƙeri ya narkar, ya yi wata sabuwa. Amma yumɓu in ya sha wuta, ba ya ruɓewa. Tukunya tana fashewa, gaskiya ne, amma tsingaronta sai ya shekara dubu cikin ƙasa bai ɓace ba. Don haka in mutane suka shuɗe, tukwanensu ne suke tsayawa su ba da shaida.

Akwai malamai da aikinsu ke nan: su tona ƙasa a hankali, su karanta wannan shaida. Abin da suka samo sai a ajiye a gidan tarihi, wanda a Yamai ake ce wa Muze. Bari mu fara da wata ƙasa mai nisa inda aka daɗe ana wannan aiki, sa'an nan mu dawo gida.

Tukwanen mutanen Girka

Girka ƙasa ce a Turai, a bakin tekun da ke arewa da Libiya da Masar. Malamanmu sun san ta da sunan Yunan. Babban birninta Atina. Shekaru 2,500 da suka wuce, magina tukwane na Atina sun yi suna ƙwarai. Suna gina tulunan mai da na ruwa, da kofuna, da manyan kasake. A jikinsu sukan zana mutane: mata a bakin rijiya, maƙera a maƙera, samari suna kokawa, manoma suna kaɗe ƴaƴan zaitun. Wasu magina har sunansu suke rubutawa a jikin tukunya.

Da fari sukan zana mutum baƙi a kan jan yumɓu. Wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa, sai suka juya: suka bar mutum ja, suka baƙanta kewayensa. Wannan canji ya zama kamar agogo. Kamar yadda mace a kasuwa take gane tulun Miriya da gani ɗaya, haka masani yake duban tsingaron Girka ya faɗi garin da aka gina tukunyar da zamanin da aka gina ta. An sami tukwanen Atina da yawa cikin kaburbura a Italiya. Da haka aka san inda fatakensu suke kai kaya.

Ga wani labari da ya kamata ku riƙe. Mutanen Atina suna da wata al'ada. In suka ga wani babba yana neman ya fi ƙarfin gari, sai su taru, kowa ya ɗauki tsingaro ya rubuta sunan wanda yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa, sai ya bar gari shekara 10. Wata rana masu tono suka sami irin wannan tsingaro wajen 190 cikin wata tsohuwar rijiya. Duka suna ɗaya ne a kansu, sunan wani shugaba da ake kira Temistokilis. Da aka duba rubutun da kyau, sai aka ga hannun mutum 14 ne kawai ya rubuta su duka. Kun ga abin da ya faru? Wasu ne suka zauna suka rubuta, don su raba wa jama'a ranar ƙuri'a.

Yanzu ku yi tunani. Da wani ya kwashe tsingaron nan da dare ya sayar ɗaya-ɗaya, wannan a London, wancan a Paris, wa zai san daga rijiya ɗaya suka fito? Ba kowa. Labarin ya fito ne don an same su wuri ɗaya, an ƙirga, an rubuta.

Tagulla da dutse

Mutanen Girka sun iya zubin tagulla, wato jan ƙarfe da aka haɗa da kuza. Sukan siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da laka, su gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Da wannan dabara suka zuba siffofin mutane manya-manya masu yawa. Amma kaɗan ne suka kai zamaninmu, domin na baya sun narkar da sauran don yin makamai da kuɗi. Waɗanda suka tsira, yawanci teku ne ko ƙasa ta ɓoye su. A shekarar 1972 wani mai nutso ya ga hannun mutum cikin yashin teku kusa da garin Riyace a Italiya. Da aka fito da abin, sai ga siffofin mayaƙa biyu na tagulla, kowane ya kusa mita 2 a tsaye, aikin Girkawa na fiye da shekaru 2,400. An ajiye su a gidan tarihi a kudancin Italiya.

Na dutse kuma ga abin da ya same su. A kan tudun Atina akwai wani babban gini na farin dutse, sunansa Fartenon, wanda aka gama a shekara ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga shekarar 1801, lokacin da Girka take hannun Turkawa, jakadan Ingila mai suna Elgin ya sa aka ɓamɓare sassaƙaƙƙun duwatsu masu yawa daga jikin ginin. A 1816 gwamnatin Ingila ta saye su ta sa a gidan tarihin London. Girkawa sun yi ta roƙo a mayar musu. A 2009 suka buɗe sabon gidan tarihi a gindin tudun, suka bar gurbin duwatsun. Fiye da shekara 200 ke nan da fitarsu. Fitar da abu daga gida ba wuya. Mayar da shi ne wuya.

Mu ma muna da namu

Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne. Gatarin aradu ɗin nan, ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suka wasa shi da hannunsu tun kafin a san ƙarfe, suna sarar itace da shi. Girkawa ma a dā sun ɗauka tsawa ce take jefo shi, kamar yadda kakanninmu suka ɗauka.

A yammacin Nijar, cikin ƙasar Tera, akwai wani wuri da ake kira Bura. A shekarar 1975 aka tsinci kawunan mutane na yumɓu a wurin. A 1983 wani masani ɗan Nijar, Bube Gado, na cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, ya tona wurin bisa ƙa'ida. Ya sami tuluna fiye da 600 an kife su jere da juna, a bisa maƙabartar mutanen dā. Wasu an gina musu kai da fuska, har da tsagen gado da kitso. Akwai kuma siffar mahayi bisa doki, hannunsa cike da mundaye. Mutanen Bura ba su bar mana takarda ba, kuma ba maroƙin da ya riƙe sunayensu. Amma yumɓunsu ya nuna mana suna da dawaki, suna ƙira, suna girmama mamatansu, tun fiye da shekara dubu da ta wuce. Irin wannan kaya ne ake ajiyewa a gidan tarihin Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama.

Ga kuma na kusa da mu. Kun san bayan Katsina ta faɗi a 1807, sarakunanta suka yiwo arewa har suka zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Saboda haka tarihin Katsina namu ne. A gabashin birnin Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai wasu tuddai a Durɓi ta Kusheyi. A 1992 masana suka tona uku daga ciki. Suka tarar kaburburan manya ne, da tasoshin tagulla, da mundayen hauren giwa, da duwatsun wuya, da ƴan kunne na zinariya. Wasu kayan daga nesa suka zo, ta hanyar hamada. Wannan ya tabbatar da cewa shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana ciniki da ƙasashen Larabawa.

Asarar da aka yi

A shekarar 1993 aka kai kayan Bura nuni a Paris tare da na wasu ƙasashen bakin kogin Kwara. Duniya ta gani ta yaba. Amma dillalai ma sun gani. Sai suka shigo ƙauyuka da kuɗi a hannu. Talauci da fari suka sa mutane suka ɗauki diga da shebur suka afka wa maƙabartun. Wanda ya sami kai sai ya karya ya ɗauka, ya bar tulun a farfashe. Haka aka yi wa siffofin yumɓu na ƙasar Katsina da Sakkwato: an kwashe su zuwa Turai ba tare da an rubuta inda suka fito ba. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura da na Katsina da na Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da ake wawashewa, ta gargaɗi mutane kada su saya.

Me mai tono ya samu? Ƴan kuɗin da ba su kai shi kaka ba. Dillali ya ci riba, gari kuwa ya rasa shaidarsa har abada.

Ga dalili. Ku dubi jujin bayan gida: abin da aka zubar bara yana ƙasa, na bana yana bisa. Haka ƙasar kufai take, hawa-hawa. Masani yana duba a wane hawa tukunya take, da abin da ke kusa da ita. Ɗan gawayin da ke gindinta, in aka auna shi, yana faɗin shekarunta. Ƙwayar hatsi da ta ƙone tana faɗin abin da suke nomawa. In aka tumɓuke tukunya aka watsar da ƙasar, kamar an yage shafi ɗaya ne daga littafi aka ƙone sauran.

Abin da za ku yi

Nijar tana da doka tun 1997 wadda ta kare kayan tarihi. Ba a tona su, ba a fitar da su waje, sai da izinin hukuma. To, in hauyarka ta ci karo da wani abu, ga shawara.

Na ɗaya, kada ka tona, kada ka fasa don neman zinariya. Mayar da ƙasa ka rufe, ka sa alama.

Na biyu, ɗauki alƙalami ka rubuta ranar, da sunan gonar, da zurfin wurin, da abin da ka gani.

Na uku, faɗa wa mai gari da malamin makaranta, su kai magana ga magajin gari, shi kuma ya sanar da ma'aikatan al'adu a Maraɗi.

Na huɗu, in baƙo ya zo yana sayen tsofaffin kaya na cikin ƙasa, kada ku nuna masa kufai.

Na biyar, ku tambayi tsofaffi sunan kowane kufai da ke ƙasarku, da waɗanda suka zauna a ciki, da abin da ya tashe su, ku rubuta tun suna da rai. Maganar tsoho da tsingaron ƙasa in suka haɗu, tarihi ya tsaya da ƙafa biyu.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a wurin taronku. Kufai nawa ne kewaye da garinku? Wa ya taɓa tsintar wani abu a ciki, kuma ina abin yake yanzu? In wani ya zo da kuɗi gobe yana nema, me za ku ce masa?

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.