Tuƙi a lokacin hunturu a Zariya

Tuƙi a lokacin hunturu yana nufin yadda direba yake daidaita gudun abin hawansa da halin da titi yake ciki a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, babbar matsalar wannan lokaci ita ce dusar ƙanƙara da santsin da take haifarwa. A Zariya da sauran ƙasar Hausa kuwa ƙanƙara ba ta zuba, amma hazo da ƙura da yashin da iska ke shimfiɗawa a kan kwalta suna rage nisan da direba ke iya hange, suna kuma rage ƙarfin da taya ke kama ƙasa da shi. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: kada gudun mota ya wuce wanda direba zai iya tsayawa a cikin tazarar da idonsa ke gani.

Yanayin hunturu

Iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta hamadar Sahara. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi. Idan hazo ya yi kauri, musamman a Disamba da Janairu, nisan hange yakan ragu zuwa ƙasa da kilomita ɗaya, har a dakatar da tashin jirage a filayen jiragen sama na Kano da Kaduna. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da gargaɗi a irin waɗannan ranaku.

Lokacin ya zo daidai da kaka, sa'ad da manyan motoci ke jigilar masara da dawa da rake daga ƙauyuka zuwa kasuwanni. Ƙonen daji ma yakan yawaita, hayaƙinsa kuma yana iya rufe hanya cikin ɗan lokaci kaɗan.

Hanyoyin Kongo da kewaye

Kongo unguwa ce a Tudun Wadan Zariya. A nan ne harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta biyu take, inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki, kuma tsohuwar hanyar Jos ta ratsa ta yankin. Saboda yawan makarantu, titunan unguwar sukan cika da ɗalibai masu tsallaka hanya, da 'yan acaɓa, da kekuna masu ƙafa uku, da motocin da ke kai-komo tsakanin Kongo da babbar harabar jami'ar da ke Samaru. Cunkoson yakan fi yawa da safe da kuma gab da magariba, lokutan da hazo ya fi dagula gani. Masu tafiya a ƙasa da masu babura sukan rufe kunnuwa da hular sanyi ko rawani, don haka ba lalle ne su ji ƙarar mota ko ham da wuri ba.

A wajen gari akwai babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, da hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, da hanyar Jos ta Pambeguwa. A waɗannan hanyoyi ana gudu sosai, kuma akwai tireloli da tankoki da yawa.

Dangantakar gudu da nisan tsayawa

Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya kashi biyu ne. Na farko shi ne tafiyar da take yi daga lokacin da direba ya hangi haɗari zuwa lokacin da ya taka birki. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun kilomita 100 kuwa kusan mita 28. Na biyu shi ne tafiyar da take yi bayan an taka birki. Wannan ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan birki yakan ninka sau huɗu.

Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya ƙiyasta cewa a busasshen titi mai kyau, ƙaramar mota tana buƙatar mita 23 kafin ta tsaya a gudun kilomita 48 a sa'a, mita 53 a gudun kilomita 80, da mita 96 a gudun kilomita 112. A jiƙaƙƙen titi nisan yakan ninka aƙalla sau biyu, a kan ƙanƙara kuma yana iya kaiwa ninki goma. Ke nan direban da hazo bai bar shi ya hangi abin da ya wuce mita 50 ba, idan yana gudun kilomita 80, zai isa wurin haɗarin kafin motarsa ta tsaya.

Halin titi

Yashi da tsakuwa: iska takan tara su a gefen titi, da kwana, da shataletale. Taya takan zame a kansu, babur ne kuma ya fi saurin faɗuwa. Ana rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba.

Hanyar burji: motar gaba takan tayar da ƙura mai toshe gani gaba ɗaya. Mafita ita ce a ja baya har ƙurar ta lafa.

Ramuka: waɗanda damina ta bari ba sa bayyana da wuri cikin hazo. Kauce musu da gudu yana jefa mota hannun masu tahowa.

Ruwan farko: bayan watannin rani, ruwan sama na farko yakan haɗu da ƙura da man da ya ɗiga a kwalta, titi ya yi santsi ƙwarai.

Doka

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a shekarar 1988. Bisa ƙa'idojin hanya na Najeriya, iyakar gudun ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, da 100 a tagwayen hanya. Tirela da tanka kuwa 45 ne a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun daga shekarar 2017 hukumar take tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. A jihar Kaduna, jami'an KASTLEA ma suna kula da bin dokokin hanya.

Waɗannan alƙaluma iyaka ce ta sama, an tsara su ne don titi mai kyau da sararin sama garau. Mutum yana iya kasancewa ƙasa da iyakar, amma duk da haka gudunsa ya yi wa yanayin yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100.

Matakan kariya

Masu koyar da tuƙi suna ba da shawarar a bar tazarar aƙalla daƙiƙa 3 tsakanin mota da wadda ke gabanta, a ninka ta idan akwai hazo. Ana kunna fitila ko da rana don a ga motar, amma a bar ta a ƙasa, domin fitilar da aka ɗaga haskenta yakan bugi ƙura ya dawo idon direba. Ana wanke gilashi da ruwa kafin a kunna waifa, saboda busasshiyar ƙura tana karce shi. Sanyi yana rage iskar taya, don haka ana auna ta da safe, a kuma sauya tayar da ta suɗe. Birki da sitiyari ana sarrafa su a hankali, ba da fizga ba. Ba a yunƙurin wuce wata mota idan ba a hango gaba sosai.

Idan gani ya gagara, direba yakan sauka daga kan titi gaba ɗaya, ya kunna fitilun gargaɗi, ya jira. Motar da ta lalace aka bar ta a kan hanya ba alama tana cikin manyan tarkunan dare a wannan lokaci. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.