Dala: Kalma Ɗaya, Ƙima Biyu

A Ƙaramar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, ba a ciniki da lissafin takarda. Har zuwa gobarar da ta cinye kasuwar a shekarar 2012, idan mai tumatir ta ce dala ashirin, tamma 100 take nufi, domin dala ɗaya tamma 5 ce. Har gobe haka ake ƙirga a kasuwannin Nijar. To daga ina wannan kalma ta fito?

Asalinta wani kwari ne mai suna Yowakimstal a ƙasar Bohemiya, inda aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a farkon ƙarni na 16. Jamusawa suka taƙaita sunan ya zama tala, a bakin Ingilishi ya rikiɗe ya zama dollar, Bahaushe kuma ya yar da harafin ƙarshe ya ce dala. Fatake ne suka shigo da azurfar ƙasar Hausa, musamman mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wadda ke ɗauke da shekarar 1780. Da matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza ɗaya da wuri 2,500.

Mulkin mallaka ya raba kalmar gida biyu. A ƙasar Ingilishi ta zama sule biyu, ma'anar da ta shuɗe bayan zuwan naira a 1973. A ƙasar Faransi kuwa ta sauka kan azurfar tamma 5, kuma ba ta gushe ba ko da aka ƙirƙiro sefa a 1945.

Nahawun Hausa ya karɓe ta a matsayin mace, shi ya sa ake cewa dalar Amurka. Jam'inta daloli ne, amma gaban adadi tilo take zama: dala goma, saɓanin Ingilishi da ke tilasta jam'i.

Nan ne malamai ya kamata su yi hattara. Ɗalibin da ya ji rediyo ta ambaci dala miliyan na iya auna ta da dalar kasuwa, alhali dalar Amurka ɗaya ta haura dalar gida 100. Sai dai yaron da ya tashi yana sayo wa uwarsa cefane ya riga ya iya ninkawa da 5 tun kafin ya shiga aji. Malamin lissafin da ya fara daga nan ya sami gonar da aka riga aka share.