Wa ke da alhakin ɗaukar nauyin mai naƙasa, kuma ina ake neman taimako a ƙasar Haɗejiya?

Tambaya: Idan a gida akwai makaho, ko gurgu, ko kurma, ko mai taɓin hankali, wanda lalurarsa ta hana shi neman abin kansa, wa Shari'a ta ɗora wa ciyar da shi? Ya halatta a ba shi zakka, ko ya karɓi kuɗin gwamnati? Kuma ina iyalinsa za su nufa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, nauyin yana farawa ne daga gida. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar nan suke bi, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga. Idan ya balaga da lalurar da ta hana shi sana'a, wajibcin bai faɗi ba, ko da ya yi furfura. 'Ya mace kuwa tana wuyan uba har ta tare a ɗakin mijinta. Haka nan ɗa mai hali, wajibi ne ya ciyar da iyayensa matalauta. Saboda haka uban da yake da abin hannu, amma ya tura ɗansa makaho bakin kasuwa da ƙoƙon bara, ya sauke wa jama'a nauyin da Allah Ya ɗora masa ne.

Game da zakka, mutane da yawa suna kuskure a nan. Naƙasa ita kaɗai ba ta cikin sassa takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Abin dubawa shi ne talauci. Gurgun da yake da shago mai riƙe shi ba a ba shi zakka, hasali ma wataƙila shi ne zai fitar. Wanda kuwa lalura ta haɗu masa da rashi, yana cikin waɗanda suka fi cancanta. Ba za ka ba wa wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka zakkarka ba, kamar ɗanka da matarka da iyayenka, domin amfanin kai zai komawa. Amma wanka, ko ƙanwarka, ko ɗan baffanka, za ka iya ba su, ka haɗa ladan zakka da na zumunci.

Kai manomin fadama, wannan ya shafe ka ƙwarai. Idan shinkafarka ko alkamarka ko dawarka ta kai nisabi, wato wusiƙi 5, daidai da sa'i 300, za ka fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar da ita, ko ɗaya bisa ashirin in da injin ban ruwa ka shayar. Asali kuma a raba ta a inda aka noma ta, sai in wani wuri ya fi tsananin buƙata. Kafin buhunan su hau mota, ka tambayi kanka ko akwai makauniyar da ke unguwarku ba ta da mai kawo mata hatsi. Masarautar Haɗejiya tana da kwamitin zakka da ke tara hatsi da dabbobi da kuɗi ta hannun gundumomi, ya raba wa mabuƙata. Mai son a san da shi sai ya bi ta wajen mai unguwa ko limami, zuwa dagaci, zuwa hakimi.

Kuɗin gwamnati halal ne ga wanda ya cika sharaɗi, kuma ba bara ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Umar ɗan Haɗɗabi (RA) da ya karɓi abin da ya zo masa daga dukiyar jama'a matuƙar bai roƙa ba, bai kuma sa rai ba. A Jigawa, tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27. Gwamnatin Umar Namadi ta ƙara kuɗin zuwa naira 10,000. Ana neman shiga ta ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, kuma shugabannin gargajiya irin su sarkin makafi da sarkin guragu sukan san lokacin da ake ɗaukar sunaye. Guraben ba su da yawa. Don haka mai lafiyar da ya cusa sunansa ya ci haram, wanda kuma yake karɓar wa mai lalura kuɗinsa yana yanke wani abu ba da yardarsa ba ya ci amana, ko da wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Akwai kuma dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati domin su. Ɗanka kurma kuwa, kada ka zaunar da shi a gida: akwai makarantar kurame ta gwamnatin jiha a cikin garin Haɗejiya, kuma koya masa alwala da salla ta hanyar ishara yana wuyanka kamar na sauran 'ya'yanka.

Saura batun ambaliya, wadda mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ba sa buƙatar a ba su labarinta, musamman bayan ta 2020 da ta 2022. A hadisin Ƙabisa ɗan Muhariƙ da Muslim ya ruwaito, an halatta roƙo ga mutum uku, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda annoba ta halaka dukiyarsa, har sai ya sami abin da zai tsaya da ƙafarsa. Wanda ruwa ya cinye masa gona da rumbu yana cikin wannan hukunci, kada kunya ta hana shi rubuta sunansa wajen hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Idan ya farfaɗo, sai ya daina.

Sai dai a wajen rabon agaji, mai ƙarfin kutsawa cikin layi ne yakan samu. Gurgu da tsohuwa da makaho su ne na ƙarshen fita daga gida idan ruwa ya shigo da dare, su ne kuma na ƙarshe a layi. Tun kafin watan Agusta, ku kai wa mai unguwa sunan duk mai lalurar da ke gidanku, ku tsayar da mutumin da zai ɗauke shi zuwa tudu ko kwalekwale, ku ɗaure maganinsa da katinsa na asibiti a leda wuri ɗaya. Ceton wanda ba ya iya ceton kansa farilla ce ta kifaya a kan mutanen unguwa: idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari duk wanda yake da iko ya yi laifi.

Allah ne Mafi sani.