Daga Ƙidayar Kakanni Zuwa Binciken Likitoci: Tarihin Sanin Kwanakin Al'ada

Yau za mu taɓo zancen da kunya ke hana mu yi a fili, alhali shi ke jawo wa mata da yawa gorin rashin haihuwa.

Ƙidayar kwanakin al'ada tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu mata da wata suke lissafi, ungozoma kuma ta san na matan unguwarta. A makarantun zaure, mai karatun Ahalari ya san cewa jinin haila ba ya wuce kwana 15, haka ma mafi ƙarancin tsarki. Sai dai abin da ke juya kwanakin a cikin jiki, ba a gano shi ba sai ƙarnin da ya wuce.

Har likitocin Turai sun daɗe suna zaton mace ta fi ɗaukar ciki dab da jini. A 1923, Edgar Allen da Edward Doisy a Amurka suka gano sinadarin da ake kira istirojin a gidan ƙwan mace. A 1924, Kyusaku Ogino na Japan ya nuna cewa ƙwai yana fita kusan mako biyu kafin jini na gaba, Hermann Knaus na Ostiriya ma ya cimma haka. A 1934 aka tace sinadari na biyu, furojestaron.

To me suka gano? Ranar da jini ya fara, sinadaran biyu duk suna ƙasa. Wata ƴar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ta saki FSH, wanda ke sa ƙwai ya nuna. Istirojin ya yi ta hawa, yana kaurara bangon mahaifa. Idan ya kai ƙololuwa, LH ya yi tashin gaggawa, ƙwai ya fito cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Daga nan furojestaron ke riƙe bangon. In ciki bai shiga ba, su biyun su sauka, bangon ya zube, shi ne jinin.

Ƙwai kwana ɗaya kawai yake rayuwa, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5. A kan wannan ne jami'ar Georgetown ta ƙera carbin ƙidaya a farkon shekarun 2000, mai nuna rana ta 8 zuwa ta 19 ga matan da zagayensu ke tsakanin kwana 26 da 32.

Saboda haka, ƴan uwa magidanta, mijin da ya tafi cirani ya zo gida mako guda yana iya saɓa wa kwanakin gaba ɗaya. Kafin mu ɗora wa mace laifi, mu ƙirga tare, mu je asibiti tare. Allah ya ba mu zuri'a mai albarka.