Socket AM4

Socket AM4 mazaunin furosesa ne da kamfanin AMD na Amurka ya fitar a shekarar 2016. Ya shahara a wurin masu wasannin kwamfuta saboda yana karɓar furosesoshin Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000, don haka ana iya sauya furosesa ba tare da an sayi sabon babban allo ko RAM ba.

Sauyin yana amfani ne idan furosesa ce ke gazawa, katin hoto kuma bai cika aiki ba. Kafin a sa Ryzen 7 5800X3D na shekarar 2022 a tsohon allo, akan sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar na ciki. Magajinsa AM5 kuwa sai da sabon allo da RAM nau'in DDR5.