Yadda Wasan Cike Gurbi Ya Koyi Yaudara

Ranar 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta Amurka ta fito da wani zane a shafinta na nishaɗi. Ƙananan gidaje ne kamar na dara, da lambobi a cikinsu, ga jerin tambayoyi a ƙasa. Mai karatu zai gano kalmar da kowace tambaya take nufi, ya rubuta ta, harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance, wasu a tsaye, suna ratsa juna. Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool ta Ingila, shi ya tsara shi. Masu ba da tarihin wannan wasa sun fi tsayawa a kan zanen, amma zanen bai sauya sosai ba tun da aka shigar da baƙaƙen gidaje a cikinsa. Abin da ya riƙa sauyawa, ya kuma hana wasan mutuwa, shi ne tambayar. Ta fara a matsayin ma'anar ƙamus, ta ƙare a matsayin tarko.

Tambayoyin Wynne ba su da wani lauje cikin naɗi. Kalmar kurciya ta fito sau biyu a zanensa na farko, wata tambayar kuma ta nemi sunan zaren wani irin kwakwa na Asiya, abin da in ba ka sani ba, ba ka sani ba ke nan. A haka wasan ya bazu. A 1924 sabon kamfanin ɗab'i na Simon & Schuster ya fara kasuwanci da littafin irin waɗannan wasanni, har da fensir maƙale a jikinsa, aka yi ta rububinsa. A shekarar ce New York Times ta yi sharhi tana kiran abin ɓata lokaci da ba ya ƙara wa mutum komai. Idan aka dubi tambayoyin wancan zamani, jaridar ba ta yi ƙarya ƙwarai ba. Nemo kalma mai harufa huɗu da ke nufin tsuntsu aikin hadda ne, kuma wanda ya yi shi sau ɗari zai gaji.

A Ingila aka karya wannan gajiya. Edward Powys Mathers, marubucin waƙa kuma mai fassara, ya fara tsara wasa a jaridar Observer a 1926 da laƙabin Torquemada, sunan shugaban kotun addini ta Sifen da ya yi suna wajen azabtar da mutane. Zaɓen sunan kaɗai ya nuna niyyarsa. A hannunsa tambaya ta zama jimla mai fuska biyu: abin da take nunawa a fili daban, abin da take nema daban. Wani lokaci a hautsina harufan amsa a ɓoye su cikin jimlar, wani lokaci a yi amfani da kalma mai ma'ana biyu don hankalin mai karatu ya tafi ga wadda ba ita ba. Sanannen misali shi ne kalmar Turanci da ake rubutawa flower. Kowa zai ce fure, amma mai tsara wasa yana iya nufin abu mai gudana, wato kogi. Da Mathers ya rasu a 1939, Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, ya gaje shi da laƙabin Ximenes, ya kafa wa yaudarar doka, ya kuma tattara ta a littafinsa na 1966. Kowace tambaya sai ta ƙunshi ma'anar amsar ta gaskiya da hanyar harhaɗa ta, ba tare da kalmar banza ko ɗaya ba. An yarda ka ɓatar da mai karatu, ba a yarda ka yi masa ƙarya ba.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Da za a ce "ana zama cikinsa, ana tuƙa tuwo da shi", harufa huɗu, amsar ita ce gari. Da za a ce "jariri na yi, uwa na miya da ita", kuka ke nan. Mai warwarewa dole ya saki ma'anar da ta fara zuwa masa, ya juya kalmar ya ga bayanta. Wannan ne aikin da wasan yake sa ƙwaƙwalwa, kuma shi ya sa hukuncin 1924 ya daina aiki. New York Times da kanta ta lashe amanta ranar 15 ga Fabrairu 1942, watanni biyu bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ta ɗauko Margaret Farrar, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa littafin nan na 1924, ta ba ta shafin. A shekarar kuma Daily Telegraph ta London ta shirya gasar warware wasanta cikin ƙasa da minti 12, hukumar yaƙi ta bi wasu daga cikin 'yan gasar ta ɗauke su aikin kwance saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park. Ba haddar kalmomi sojoji suke nema ba.

Akwai sukar da ta fi ta ɓata lokaci nauyi. Ana cewa wasan yana koyar da gawar kalma ne kawai: gajerun kalmomi masu yawan wasula, sunan wani kogi ko wani tsuntsu da ba mai ambatonsa sai cikin gidajen wasa, mutum ya haddace su bai taɓa sa su a jimla ba. Gaskiya ne, kuma ciwon yana nan tun daga zaren kwakwar Wynne. Sai dai wannan laifin zane ne, inda harufa suka matse mai tsarawa ya rasa mafita. Tambayar da ta fi wuya yawanci amsarta kalma ce da yaro ya sani. Ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba 1996, New York Times ta buga wasan Jeremiah Farrell mai tambaya a kan labarin da zai zama kanun gobe. Ko ka rubuta Clinton ko ka rubuta Bob Dole, harufa bakwai ne, kuma duk kalmomin da suka ratsa wurin suna karɓar amsa biyu. Tambaya ɗaya tana neman baƙar dabba, kyanwa ta shiga, jemage ma ya shiga, domin a Turanci harafin farko kaɗai ya raba su. 

Suka ta ƙarshe ita ce wasan na 'yan gida ne. Wanda bai tashi cikin wasan kurket da karatun makarantun Ingila ba zai tarar da ƙofofi da yawa a rufe. Wannan ba ni da ja a kansa, amma abin da yake nunawa shi ne wasan ba ya fassaruwa, kowane harshe sai ya gina nasa da kayan gidansa. Mutanen Holan suna sa harufan ij a gida ɗaya, mutanen Wales ma haka suke yi wa tagwayen harufansu. Editan jaridar Hausa da zai buɗe irin wannan shafi yana da ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a gabansa. Abin da zai fara yankewa shi ne ko sh da ts gida ɗaya za su ci ko biyu, sannan ya tabbata mai buga masa ba zai mayar da ƙ ta zama k ba.